Jini a Kan Aswaki: Jawabin Baƙuwarmu a Taron Cikar Ƙungiya Shekara 10

Wannan shi ne jawabin da ’yarmu, ma’aikaciyar lafiyar baki da haƙori, ta gabatar ranar taro. Mun buga shi yadda ta faɗa, saboda mambobin da ba su samu zuwa ba.



Hajiya shugaba, uwar ƙungiya, wakilin mai girma Dagaci, iyayena mata, yayyena da ƙannena, barkanmu da wannan rana. Allah Ya sa yadda muka ga shekara 10, mu ga 20 cikin lafiya da rufin asiri.

Da takardar gayyata ta same ni, sai da gabana ya faɗi. Na ce me zan faɗa wa matan da suka goya ni? A nan akwai wadda ta yi mini wankan jarirai, akwai wadda ta zane ni a kan satar gyaɗa. To amma tunda kun ce in zo in yi magana a kan abin da na karanta, zan yi, in na yi kuskure ku yafe wa ’yarku.

Zan fara da tambaya, kuma ba sai kowa ta ɗaga hannu ba. Wace ce a cikinmu ta taɓa yin aswaki da asuba, ta duba bakinsa ta ga jini? Ko ta gatsi goba ta ga ja a wurin da haƙori ya shiga? Na ga ana murmushi. Yawancinmu mun gani, kuma yawancinmu mun tofar mun ci gaba da harkokinmu. Wannan jinin shi ne abin da na zo da shi yau.

Mahaifiyata, Allah Ya jiƙanta, ta rasu da haƙora tara a bakinta, cikin 32 da Allah Ya ba babban mutum. Babu wanda ya rube mata, babu wanda tsutsa ta ci, kamar yadda muke cewa. Lafiyayyu ne, farare, amma sai su fara girgiza ɗaya bayan ɗaya, su faɗo. Ita cewa take yi haihuwa ce ta cinye mata su. A ƙarshe ko ƙuli-ƙuli sai an daka mata, nama kuwa ta haƙura da shi. Sai da na shiga makaranta na gane cewa ciwon ba a haƙorin yake ba, a dasashi yake. Kuma abin da ya fi ba ni mamaki, yawancin ɓarnar ba ƙwayoyin cuta ne suka yi ta da kansu ba, dakarun jikinta ne suka yi ta garin kare ta. Bari in warware muku wannan magana a hankali.

Haƙori kamar turke yake. Ba a manne yake da ƙashin muƙamuƙi kai tsaye ba. Akwai wasu zarurruka ƙanana masu ƙarfi, dubbai, da suka ɗaure saiwarsa da ƙashi, kamar yadda ake ɗaure turke da igiyar rama. Sunan abin da aka yi zaren da shi kolajin. Dasashi shi ne ya rufe wurin, ya kama wuyan haƙori. Tsakanin dasashi da haƙori akwai ɗan rami, in lafiya lau ake zurfinsa bai wuce milimita 1 zuwa 3 ba, wato bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba.

A wannan ɗan ramin dauɗa take taruwa. In kin kankari gindin haƙorinki da farce za ki ga wani abu fari mai yauƙi. Ba ragowar tuwo ba ne kawai, gari ne guda na ƙwayoyin cuta, sun yi gida sun manne. In aka goge shi yau, gobe wani zai taru, haka Allah Ya yi bakin ɗan Adam. In aka bar shi kuwa, gishirin da ke cikin yawu zai daskarar da shi ya zama kamar dutse, ruwan ɗorawa ko baƙi. Da zarar ya daskare, babu aswaki ko burushin da zai fitar da shi, sai an kankare a asibiti.

To jiki ba ya zuba ido. A cikin jininmu akwai fararen ƙwayoyi, su ne dakarun da ke kare mu. Fiye da rabinsu wani iri ne da ake kira niyutrofil. Su ne ’yan sahun gaba. Ɓargon ƙashi yana haifar da kusan biliyan 100 daga cikinsu a kowace rana, domin ba su da tsawon rai. Da sun ji labarin ƙwayoyin cuta a gindin haƙori, sai hanyoyin jini su buɗe, su kumbura, dakarun su kwararo. Shi ya sa dasashi yake yin ja, ya kumbura, da an taɓa shi jini ya fito. Jinin nan alama ce ta cewa ana yaƙi a wurin.

Makaman da suke yaƙin da su ana kiran su inzayim. Kada sunan ya ba ku tsoro, kun fi ni sanin aikinsu. Wace ce ba ta taɓa ba yaro koko da cokali ba, tana kai wa bakinsa tana mayarwa cikin kwano, kafin a jima kokon ya tsinke ya zama ruwa? Inzayim ne da ke cikin yawu ya narkar da shi. Masu kunun zaƙi da ke zuba tsiro ko dankali don kunu ya yi zaƙi, inzayim suke sawa aiki. Masu naɗe nama da ganyen gwanda don ya yi laushi, haka. Masu daddawa, abin da ke narkar da kalwa har ta yi laushi ta yi ƙamshi, inzayim ne da ƙwayoyin halitta suke fitarwa. Inzayim abu ne da jiki ke yi don ya narkar da wani abu ko ya sauya shi.

Dakarun jininmu suna ɗauke da irinsu da yawa, amma uku zan ambata. Na farko yana haɗa wani ruwa mai kashe ƙwayoyin cuta, ɗan’uwan ruwan bilicin da muke wanke fararen kaya da shi. Shi wannan inzayim kore ne, shi ya sa kuke ganin majina ko mugunya ta yi kore-kore. Na biyu ana kiransa ilastes, yana yayyanka nama don dakaru su samu hanyar wucewa. Na uku, wanda ya fi shafar maganarmu, likitoci suna kiransa MMP-8. Aikinsa yanka zaren kolajin, wato ainihin igiyar da ta ɗaure haƙori.

Yadda aka fara gano irin wannan mai yanka kolajin abin sha’awa ne. Kun san ɗan kwaɗon da ke yawo a kududdufi da damina, mai wutsiya kamar kifi? In zai zama kwaɗo wutsiyar ba faɗuwa take yi ba, narkewa take yi. A shekarar 1962 wasu masana biyu a birnin Boston na Amurka, Jerome Gross da Charles Lapière, suka binciki wutsiyar nan suka samo inzayim ɗin da ke narkar da ita. Daga baya aka gano muna da danginsa a jikinmu. Kuma Allah bai halicce su don ɓarna ba. Su ne ke share mataccen nama don miki ya warke, su ne ke taimaka wa bakin mahaifa ya yi laushi lokacin naƙuda. Jiki ma yana da nasa linzamin da ke tsayar da su in sun gama aiki.

Matsalar ita ce yaƙin gindin haƙori ba ya ƙarewa matuƙar dauɗar tana nan. Ƙwayoyin cutar sun manne a jikin haƙori, dakaru ba za su iya tumɓuke su ba. Sai su yi ta zuwa, su yi ta zubar da makamansu a wurin, yau da gobe, wata da watanni, har makaman su fi ƙarfin linzamin. Kamar manomin da ciyawa ta dame shi ne, ya yi ta fesa magani kullum ba ƙaƙƙautawa. Ciyawar ba ta ƙare ba, amma geron ya ƙone. Zaren kolajin ya tsintsinke, ɗan ramin nan ya yi zurfi, milimita 4, 5, 6, dauɗa ta ƙara samun maɓoya inda aswaki ba ya kaiwa. Kururuwar yaƙin kuma tana tayar da wasu ƙwayoyin da aikinsu cin ƙashi ne, sai ƙashin da ke riƙe da saiwa ya riƙa zaizayewa. Dasashi ya janye, haƙori ya yi tsawo, wushirya ta buɗe inda da babu, baki ya riƙa wari ko an wanke. Duk wannan yawanci babu zafi, shi ya sa ake sakaci. Ranar da haƙori ya fara girgiza, an daɗe da yin ɓarnar.

Ba mu kaɗai ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2022 ya ce kusan mutum 19 cikin 100 na manya a duniya suna da ciwon dasashi mai tsanani, sama da mutum biliyan ɗaya ke nan.

Yanzu ga labari mai daɗi. A shekarar 1965, a garin Aarhus na ƙasar Denmak, wani malamin haƙori mai suna Harald Löe da abokan aikinsa suka sa mutum 12 masu lafiyayyen dasashi su daina goge baki gaba ɗaya. Cikin kwana 10 zuwa 21 kowannensu dasashinsa ya kumbura. Da aka ce su koma gogewa, cikin kamar mako guda dasashin ya koma lafiya. Babu allura, babu ƙwaya. An kawar da dauɗa, dakaru suka koma gida. Ma’ana, matakin farko na ciwon, lokacin da jini kawai ake gani, yana warkewa sarai. Amma in ya kai ga zare da ƙashi, abin da ya tafi ba ya dawowa da kansa, sai dai a tsayar da shi inda ya kai.

Saboda haka, iyayena, kuskuren da muka fi yi shi ne in wuri yana jini sai mu daina taɓa shi, mu ce kada mu fama. Ai wurin da ke jini shi ya fi buƙatar gogewa, a hankali, kullum. In kin dage mako biyu jinin bai tsaya ba, to akwai daskararriyar dauɗa a ƙarƙashi ko wani dalili na daban, sai asibiti.

Akwai mutum uku da nake so mu fi sa wa ido.

Ta farko mai ciki. Sinadaran da ke ƙaruwa a jikin mai ciki suna sa dasashi ya fi saurin kumbura a kan dauɗa kaɗan. Yakan fara tun wata na biyu ko na uku, ya yi ta ƙaruwa har wajen wata na takwas. Ga laulayi, mace ba ta son sa komai a baki. Ga haihuwa kusa da kusa, dasashi bai huta ba wani cikin ya shigo. Abin da ya faru da mahaifiyata ke nan. Jariri ba ya tsotse haƙorin uwarsa, wannan ku cire shi a ranku. Kuma wankin haƙori a asibiti ba ya cutar da ciki. In kin je awo, ki faɗa wa ma’aikaciya dasashinki na jini.

Na biyu mai ciwon suga. Haɗarin ciwon dasashi a gare ta ya kai kusan ninki uku na wanda ba shi da ciwon, domin suga yana sa dakarun su yi faɗa fiye da kima, miki kuma ba ya saurin warkewa. Kumburin dasashin shi ma yana sa suga ya ƙi sauka. In kin ga haƙoranki na girgiza, ga yawan fitsari da ƙishirwa, je ki a gwada jininki.

Na uku, kuma ina roƙon ku buɗe kunnuwanku a nan, ƙaramin yaro mai tamowa. Akwai cutar da ake kira Noma. Ba noman gona ba, sunan daga Girkanci ya fito, ma’anarsa cinyewa. Da Hausa ana ce mata zaizayar baki, wasu su ce ciwon iska. Ta fi kama yara ’yan shekara 2 zuwa 6, waɗanda ba sa samun isasshen abinci, musamman bayan sun tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. A irin wannan yaro garkuwar jiki ta raunana, ƙwayoyin cutar baki sun samu sarari. Da kumburin dasashi take farawa, da jini, da wari mai tsanani, da dalalar yawu, yaro ya ƙi cin abinci. Cikin ’yan kwanaki kumatu ya kumbura, sannan wani baƙin tabo ya fito, naman ya mutu ya ɓule. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa in ba a yi magani ba, yara 9 cikin 10 suna mutuwa.

Na taɓa ganin yarinya ’yar shekara uku da aka kawo mana bayan an yi kwana takwas ana yi mata hayaƙi, ana cewa iska ce. Ta rayu, amma rabin leɓenta ya tafi. Kakarta ce ta ce mini, “Yarinya, da wari ya fara, muka zaci haƙori ne take fitarwa.” Ban ga laifinta ba, babu wanda ya taɓa faɗa mata. Da an kawo yarinyar nan a kwana biyun farko, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki sun isa. Cutar ba iska ba ce, ba maita ba ce, kuma ba a ɗaukarta daga wani. A Sakkwato akwai asibitin yara na cutar Noma tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF tana tallafa masa tun 2014, ana yi wa waɗanda suka tsira tiyatar gyaran fuska kyauta. Najeriya ce ta jagoranci neman a san da cutar a duniya, kuma a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta a jerin cututtukan da aka yi wa sakaci. In kun san wani yaro da ake ɓoyewa a ɗaki saboda fuskarsa, ku gaya wa iyayensa akwai inda ake gyarawa.

To me za mu yi a gidajenmu?

Aswaki sunna ne, kuma yana aiki in an yi shi daidai. Ko na Makka ne, ko na darbejiya, ko na marke, a tauna bakinsa ya yi laushi, a yanke tsohon bakin a kai a kai. Kada a tsaya a haƙoran gaba don a yi murmushi. A bi inda haƙori ya haɗu da dasashi, ciki da waje, har turame na can baya. Mai burushi ta nemi mai laushi, da man goge baki mai sinadarin fuloraid, ta sauya burushin bayan wata uku. Sau biyu a rana, kuma na dare ya fi muhimmanci, domin in muna barci yawu yana raguwa. Yaro ƙasa da shekara uku a sa masa man kamar ƙwayar shinkafa, daga uku zuwa shida kamar ƙwayar wake, uwa ce za ta goge masa. Kowa da nasa, ba a karo-karo da aswaki.

Kurkure baki da ruwan ɗumi da ɗan gishiri yana rage kumburi, amma ba ya maye gurbin gogewa. Dirzar haƙori da gawayi ko toka mai tsakuwa kuwa yana kankare haƙori. Kada a ƙunsa garin taba a dasashi. Kada a ɗora ƙwayar asfirin a kai, ƙona naman take yi. Ruwan batir kuwa, don Allah, ko kusa.

Akwai kuma maganar kafso. A Amurka, tun 1998, an amince da ba da wani magani ɗan gidan tetrasaikilin a ƙaramin awo, ba don ya kashe ƙwayoyin cuta ba, don ya danne inzayim ɗin nan mai yanka kolajin, kuma ana haɗa shi ne da wankin haƙori a asibiti. Na faɗa ne don ku ga cewa maganar inzayim ta tabbata. Ban faɗa don a je kemis a sayo ja-da-yalo ba. Irin wannan magani bai dace da mai ciki ba, bai dace da yaro ƙasa da shekara 8 ba, yana rina haƙoran yaro har abada. Likita ne kaɗai zai rubuta.

Abinci ma yana da nasa. Jiki ba ya iya saƙa sabon zaren kolajin sai da bitamin C, kuma ga shi a tsakar gidanmu: goba, lemo, ɗanyen tumatir, zogale, garin ’ya’yan kuka. Ga yaron da aka yaye, koko zalla ba ya isa. A sa masa gyaɗa, waken suya, ƙwai in an samu. Mu da muke sarrafa gyaɗa muna sayarwa, bai kamata a ga tamowa a gidajenmu ba. A kai yara rigakafin ƙyanda a wata 9 da wata 15, a kwana cikin gidan sauro.

Daga ƙarshe, Hajiya shugaba, ina da roƙo biyu ga ƙungiya.

Na farko, kowace Juma’a, lokacin da ake yi wa yara wanka da kitso, uwa ta ɗaga leɓen ɗanta ta duba a hasken rana. Minti ɗaya ne. In ta ga jini da wari da kumburi, musamman ga yaron da ya rame ko ya tashi daga ƙyanda, ranar za a tafi asibiti, ba a jiran cin kasuwa, ba a jiran maigida ya dawo daga ci-rani.

Na biyu, na san abin da ke hana mu tafiya sau da yawa kuɗin mota ne. Ku da kuka iya tara taro da sisi har kuka sayi injin niƙa, ba zai gagare ku ware ɗan wani abu daga kowane zubi ba, a ajiye a hannun ma’aji, don duk mambar da za ta kai yaro ko ta kai kanta. A fara da asibitin da ya fi kusa, ko babban asibitin Dambatta ko na Bichi, su za su tura ku gaba in da buƙata. A cikin birni akwai sashen haƙori a Asibitin Murtala da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, kun riga ni sani.

Bayan an ci abinci zan zauna a ƙarƙashin darbejiyar can, na zo da safar hannu da tocila. Duk mai so in duba mata baki, ko na ɗanta, ta zo, babu ko kwabo. Kada kunya ta hana ki, Inna, na ga bakin da ya fi naki.

Allah Ya ƙara wa ƙungiya albarka, Ya jiƙan waɗanda muka fara da su ba su kai yau ba, Ya raya mana zuri’a.